Gogen Budimir Mai Izga Ɗari Uku

Ranar da aka binne tsoho Svetolik, tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, Budimir ya fara cewa ai dama marigayin bai iya goge ba.

"Ba zagin mamaci nake yi ba, Allah ya ji ƙansa," in ji shi, yana murza gashin bakinsa. "Amma shekara hamsin mutumin nan yana yi mana kukan sauro, mu kuma muna share hawaye don kara."

 Duk garinmu Drenak an san Budimir: in ka ce ka ga kyarkeci a daji, shi ya taɓa hawansa har kasuwa. Shekara talatin ya yi yana kwandastan bas, amma in yana ba da labari sai ka rantse shi ya shimfiɗa titin. Ni kuwa Tihomir ba ni da hanyar guje masa, don ni ne kum ɗinsa. Ni na tsaya masa ranar aure, ni na riƙe 'yarsa a coci ranar suna, kuma a wurinmu kum ba ya ce wa kum a'a. Abin da ya ja mini ke nan.

Svetolik shi ne mai guslen garinmu, gogen nan namu mai tsirkiya ɗaya. Duk shekara ranar Vidovdan, a ƙarshen Yuni, muna taruwa a gaban dutsen da aka sassaƙa sunayen mazanmu arba'in da ɗaya da suka tafi babban yaƙi ba su dawo ba. Tsohon zai zauna a kan kututture, ya kafa gogensa tsakanin gwiwoyi, ya rera su ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunan ubansa da inda ya faɗi. In an kira na gidanku, sai ɗayanku ya fito ya kunna kyandir. Haka muka taso muka tarar.

Da Yuni ya kai tsakiya, sai kwamitin gari ya zauna a shagon gahawa don a san abin yi. Shugaba shi ne Obrad mai dawaki, wanda ke riƙe tuta a gaban jerin gwano kowace shekara. Gvozden, babban mai begila na 'yan badujalarmu, wanda nake kaɗa wa ganga, ya miƙe ya ce a bar mana ranar.

"Mu takwas ne," ya ce. "In muka busa taken sojoji, har a birnin Valjevo sai an cire hula. Yanzu taro ya yi yawa, 'ya'yanmu na Jamus duk suna dawowa da motocinsu, na baya ba sa jin komai sai kukan jarirai. Mai goge ya tafi. Mu binne gogen tare da shi, mu huta."

Ni dai na gyaɗa kai, don ina son kiɗa a ranar, ba zan ɓoye ba. Sai muka ji an ƙwanƙwasa taga da sanda. Baba Stanija ce, tsohuwa 'yar shekara casa'in, wadda aka haifa wata uku bayan ubanta ya bi sojoji. Ba ta taɓa ganin sa ba, ko hotonsa babu. Abin da take da shi kawai sunan nan, kuma sau ɗaya ake kiran sa a shekara.

"Gvozden, ɗana," ta ce, "begilar taka ta iya cewa Radenko?"

"Baba, ai begila ba ta magana."

"Me ka ce?"

"Na ce ba ta magana!"

"To in ba ta magana, wa zai kira mini ubana?"

Shago ya yi tsit. Gvozden ya sunkuya yana juya kofinsa. Irin wannan shirun kuwa Budimir ba ya iya zama a cikinsa. Ya buga tebur har gahawa ta fantsama.

"Ni zan kira shi, Baba! Ina raye za a ce Drenak ta rasa mai goge? Kakana ya yi goge a bakin kogin Drina, abokan gaba da ke ƙetare suka ajiye bindigogi suna kuka!"

"Bara ka ce mana mai dafa wa sojoji wake ne," in ji Gvozden.

"Da rana wake, da yamma goge!"

"Kai ka taɓa riƙe goge?" Obrad ya tambaye shi.

"Ka taɓa tambayar kifi inda ya koyi iyo?"

Obrad ya yi ajiyar zuciya, ya yanke magana. In aka ji gogen Budimir, aka kira sunaye, ranar ta zauna yadda take. In ba haka ba, daga bana ta koma hannun 'yan badujala, sunaye kuma kowa ya je ya karanta a dutse. Baba Stanija ta ce ita ba ta iya karatu ba, ta ja sandarta ta tafi. Saura kwana goma sha biyu.

Washegari matar marigayi, baiwar Allah, ta naɗo gogen mijinta a tawul ta kawo masa har gida. Budimir ya ɗaga shi da yatsu biyu.

"Wannan ludayin? Gwaggo, mayar da shi ki rataye. Da wannan ne aka kasa jin sa a baya." Ya juyo gare ni. "Kum, izga nawa ake ɗaura wa goge?"

"Talatin."

"Nawa ɗari uku za a ɗaura. Zan ƙera gogen da ba a taɓa gani ba a duk ƙasarmu ta Sabiya. In na ja baka sau ɗaya, Gvozden zai sayar da begilarsa ya sayi kaji."

Na ce masa ya yi wa Allah ya karɓi na hannu. Ya ce ƙaramin tunani ne ya sa har yau nake bayan layi da ganga.

Jikin goge da itacen javor ake yin sa, kuma babban javor busasshe ɗaya ne a unguwarmu: akushin kwaɓa burodi na matarsa Leposava, dogo kamar kwale-kwale, wanda ta gada daga uwarta. Ya jira ta tafi duba ƙanwarta, ya juye fulawar da ke ciki a kan tebur, ya ja shi zuwa rumfa. Ya huda shi, ya kafa masa sandar amalanke a matsayin wuya, ni kuma ina riƙe masa ƙusa ina neman gafarar Allah. Da la'asar Leposava ta dawo, ta tsaya a bakin rumfa da hannu a ƙugu.

"Budimir, ina akushina?"

"Ya shiga aikin ƙasa, mata."

"Aikin me?"

"Kishin ƙasa. Wata rana za a sa shi a gidan tarihi, a rubuta sunanki a ƙasa."

"Uwata ta ciyar da mutum tara da akushin nan."

"Yanzu zai ciyar da zukata dubu."

"To madalla. Ƙasa ta ba ka burodi."

Daga ranar ta daina ɗora masa tukunya. Ku canki gidan wa ya koma cin abinci safe da rana. Matata ta ce ko a tarihin ba ta taɓa jin mai kishin ƙasa mai cin wake kwano uku ba.

A saman wuyan goge akan sassaƙa kan doki. Budimir ya kwana biyu yana fama da kurfi da guduma, sannan ya kira maƙwabta su zo su gani ta kan shinge. Wani ya ce agwagwa ce. Wata ta ce a'a, akwai kunne, zomo ne. Mai gidan waya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce shi dai ya ga kamar surukarsa. Budimir ya ce dokin yaƙi ne a tsakiyar sukuwa, iska ce ta kwantar masa da fuska, kuma ba laifinsa ba ne in Allah ya zaunar da shi cikin jahilai.

Sai fata. Ta ɗan rago ba za ta rufe wannan ƙaton akushi ba, don haka ya je wurin mahauci ya karɓo ta maraƙi, ɗanya sharaf. Mahaucin ya ce masa sai an jeme ta, ta yi makonni tana bushewa. Budimir ya ce makonni na malalata ne. Ya kankare gashin da rezarsa, ya barbaɗa gishiri, ya ja ta ya buga ƙusoshi. A rana ta uku Leposava ta rufe tagoginta. A rana ta huɗu karnukan garin suka fara zuwa gaisuwa, suna zaune a jere a bakin shinge ba ko haushi.

"Ka gani, kum?" in ji shi. "Tun ban fara ba masu sauraro sun taru."

Saura izga. Ko yaron goye a Drenak ya san daga wutsiyar ingarma ake cire ta, ba goɗiya ba, don ta goɗiya kullum a jiƙe take da fitsari, ta riga ta mutu tun tana jikin mai ita. Ingarma kuwa ɗaya ne a garin, baƙin dokin Obrad, wanda shi Obrad ɗin ma ba ya bi ta bayansa. Budimir ya je roƙo. Obrad ya ce zai ba shi gashi talatin, kamar yadda yake ba marigayi.

"Ɗari uku nake so, da kuma na ɗaura wa bakan goge."

"Goge za ka ɗaure ko tsintsiya? Talatin, ko ka kama gabanka."

Ranar Juma'a Obrad ya tafi kasuwar Valjevo. Da hantsi sai ga Budimir a ƙofata da almakashin sausayar tumaki a aljihu.

"Kum, zo ka riƙe mini kan doki."

Na so in ce cikina na ciwo, amma ya ga yadda na ci karin safe. Muka shiga bargar. Ingarman ya dube mu, ya kwantar da kunnuwa, ya kai wa bango harbi ɗaya, katako biyu suka yi waje. Ban san lokacin da Budimir ya wuce ni ba, sai dai na tarar da shi a tsakar gida yana gyara hula.

"Ba tsoro na ji ba," ya ce. "Gashin na duba, ya yi kaushi da yawa."

A ɗaya ɗakin kuwa ga farar goɗiyar Obrad tana cin ciyawarta, dabba mai haƙuri, ita yake hawa ranar tuta. Na ga idon Budimir ya sauka a kan wutsiyarta.

"Kum, goɗiya ce fa."

"Izga izga ce. Goge ba ya leƙa ƙarƙashin doki."

Ya fara ƙirga gashi, ya kai arba'in, goɗiya ta kaɗa wutsiya, lissafi ya ɓace. Ya sake, ta sake. A karo na uku ya ce bari a huta da wasa, ya kama duka ya datse daga tushe.

Kafin rana ta faɗi Obrad ya iso ƙofarsa, rabin unguwa na biye da shi.

"Budimir! Fito, ɓarawon wutsiya!"

"Sassauta murya, maƙwabci. Goɗiyarka ta shiga tarihi."

"Tarihin gidanku! Da me zan ɗauki tuta? In hau ta haka kamar figaggiyar kaza?"

"Ashe tutar a wutsiya kake ɗaura ta?"

"Zan kai ka ƙara!"

"Kai ni. Ka gaya wa alƙali mazanmu arba'in da ɗaya sun ba da rayukansu, kai kuma kana kuka a kan gashi."

 Wannan ita ce masifar Budimir: duk ɓarnar da ya yi sai ya lulluɓe ta da tuta, ka rasa ta inda za ka kama shi. A ƙarshe matar Obrad ce ta ɗaura wa goɗiyar ƙyallaye uku, ja da shuɗi da fari irin na tutarmu, a inda wutsiya take. Kyau kam ya yi kyau. Sai dai ƙyalle ba ya korar ƙuda, ga shi kuma Yuni ne, dabbar ta wuni tana rawa a tsaye.

Ana jibi taro ya tuna da ƙaron da ake goga wa baka. Masu goge dafa shi suke yi, ya daskare kamar dutse, sannan su ɗan shafa. Shi kuwa ya kankaro ɗanyensa daga jikin bishiya cike da gwangwani, ya laɓta wa bakan kamar yana shafa wa burodi man shanu. Na roƙe shi ya gwada ko sau ɗaya mu ji. Ya ce ba a ɗanɗana ragon biki kafin baƙi su zo. Na tambaye shi ko ya haddace inda kowane mutum ya faɗi. Ya buga ƙirji ya ce a jininsa suke. Na ƙwanƙwasa fatar da yatsa, ta ce luf, kamar jiƙaƙƙen tsumma.

"Kum, fatar nan ba ta ɗame ba."

"Wuta za ta ɗame ta. Har kai za ka koya mini sana'ar kakana?"

Ranar Vidovdan aka tashi da yayyafi, sannan rana ta buɗe. Gogen bai ɗauku ga mutum ɗaya ba, sai muka ɗauke shi mu biyu kamar makara, ni a gaba da gangata a baya, shi a baya cikin rigar gargajiya ta aro wadda maɓallanta ke neman agaji. Karnuka goma sha ɗaya suka rako mu har dandali. Leposava tana can cikin mata, ta juya mana baya tana yanka burodin taro.

Dandali ya cika maƙil. Obrad yana kan goɗiya kusa da dutse, tuta a hannu, dabbar sai buga ƙafa take yi tana girgiza ƙyallaye. An ajiye wa Baba Stanija kujera dab da kututturen mai goge, inda take zama kowace shekara, kyandir ɗinta a cinya. Gvozden da sauran 'yan'uwana 'yan badujala suna gefe da begilolinsu sun sha goge-goge, suna murmushin mai jiran gado.

A bayan coci ana gasa raguna na abincin rana. Nan Budimir ya sa muka jingina gogen dab da garwashi. Marigayi ma yakan yi haka in an yi ruwa, amma shi gwargwadon shan taba ɗaya, yana shafa fatar da tafin hannu. Budimir ya bar nasa har limamin coci ya gama addu'a, har Obrad ya gama jawabi, don ya samu wasu 'yan Jamus yana ba su labarin kakansa, wanda zuwa lokacin ya zama mai gogen sarki. Da na ji ƙauri na ruga na janye shi. Gefen fatar ya soyu, tsakiyar ta ɗame. Na ƙwanƙwasa, ta ce ƙau. In ganga ta cika zaƙi ta kusa fashewa. A wurina wannan ba karin magana ba ne, sana'ata ce.

"Kum, don girman Allah, bari ta huce."

"Ta huce? Yanzu ta farka!"

Gogen bai shiga tsakanin gwiwoyi ba, don haka muka kafa shi a ƙasa, shi ya hau kututture ya tsaya. Ya cire hula, ya yi gyaran murya har jarirai suka yi shiru.

"'Yan'uwana Sabiyawa! Yau za ku ji abin da kakanninku suka ji! Na baya, ku matsa baya kaɗan, kada kunnenku ya taɓu!"

Ya kama maƙulli ya murɗa don ya ɗame tsirkiya. Tas, gashi ɗaya ya tsinke. Tas, tas. Izgar goɗiya ta fara nuna halinta, gashi sai tashi yake yana lilo.

"Aski kake yi mata?" Gvozden ya ɗaga murya.

"Na raunana ne ke fita, kamar a yaƙi!"

Ya ɗora baka a kan tsirkiya, ya lumshe ido, ya ɗaga haɓa sama, ya ja. Ba abin da ya motsa. Zafin wuta ya narkar da ƙaron, baka ya manne da tsirkiya ram. Ya sake ja. Shiru. Wata mata ta ce ko salon kakan ke nan. Ya sunkuya ya kai fuska kusa don ya ga abin da ya riƙe, sai gefen gashin bakinsa na dama, wanda ya shekara talatin yana kiwo, ya shiga ƙaron ya zauna.

"Kum," ya ce ta gefen baki, "zo nan, kada ka nuna komai."

Me zan ɓoye, mutum ɗari biyar na kallo? Na kama wuyan gogen, shi ya dafa fatar da gwiwa don ya sami ƙarfi, ya fizga.

Daram!

Na yi shekara arba'in ina kiɗa, ban taɓa fitar da ƙara irin wannan ba. Tattabarun hasumiyar coci suka tashi gaba ɗaya. Tsofaffi biyu suka kwanta a ƙasa. Goɗiya, wadda ƙudaje suka riga suka kai ta maƙura, ta miƙe a kan ƙafafun baya, ta yanki hanya ta tsakiyar 'yan badujala, ta tsallake teburin burodi, ta nufi gonakin bayan gari da Obrad a kanta yana kiran sunayen waliyyai. Tuta dai bai sake ta ba, wannan na shaide shi.

Karnuka kuwa, da suka yi kwanaki suna haƙuri, suka ga gasasshiyar fata ta buɗe. Suka yi kanta gaba ɗaya. Suka ja fata, fata ta ja akushi, akushi ya ja tsirkiya, tsirkiya ta ja baka, baka ya ja Budimir ta gashin baki. Ya sauko daga kututture ba shiri, ya bi su a sunkuye yana zagaya dutsen tunawa, yana ihu: "A hankali! Kayan tarihi ne!"

A zagaye na biyu Leposava ta tare shi da wuƙar burodi. Ta taka baka da ƙafa, ta kama kunnensa, ta yi shaf sau ɗaya. Karnuka suka wuce da rabonsu.

"Shekara talatin ina son in yi wannan," ta ce, ta goge wuƙar a zanenta.

Dandali ya fashe da dariya. Limamin coci ya juya baya kafaɗunsa na rawa. 'Yan Jamus sai ɗaukar hoto suke yi. Budimir ya miƙe da rabin gashin baki, maɓallai uku sun tafi, ya ɗaga hannu.

"Wannan gabatarwa ce kawai! Harbin girmamawa ne, da gangan na..."

"Zauna!" Murya ta fi ɗari ta amsa masa.

Sai ga Obrad ya dawo a ƙasa, ganye a gashinsa, wando a yage, tuta a kafaɗa. Bai ko dubi Budimir ba.

"Gvozden, ranar taku ce. Busa."

Na rataya gangata. Mun ci, amma ban ji daɗin da na zaci zan ji ba. Gvozden ya kai begila baki, ya cika ƙirji da iska. Sai wata siririyar murya ta fito daga gaba.

"Na ji an harba bindiga. An kira shi?"

Baba Stanija ce. Duk abin nan da aka yi tana zaune a inda take, idonta ba ya kai nisa, ta riƙe kyandir ɗinta da hannu biyu. Ta juya dama, ta juya hagu.

"Ku gaya mini mana. An kira shi in tashi?"

Dariya ta mutu. Gvozden ya sauke begila a hankali. Obrad ya dubi ƙasa. Ni kam kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa ido, don duk cikinmu, da masu dariya da masu jiran busa, ba wanda ya tuna da ita.

Budimir ne ya matsa. Ban taɓa ganin yana tafiya a hankali irin haka ba. Ya durƙusa a gefen kujerarta, ya kai baki kusa da kunnenta, ya fara ƙoƙarin rerawa yadda marigayi yake yi. Abin da ya fito, Allah ya yafe mini, ƙofa mai tsatsa ta fi shi daɗi. Tsohuwa ta yamutsa fuska, ta ɗan buge shi da kyandir a goshi.

"Wane ne wannan? Budimir? Kada ka rera, ɗana. Kira kawai."

 Ya ja numfashi, ya buɗe maƙogwaron nan nasa na kwandastan bas gaba ɗaya.

"Radenko ɗan Miloje! Na Drenak! Ya faɗi a bakin Drina!"

Sunan ya bugi bangon coci, ya gangara kwari, tsauni ya dawo mana da shi. Bakin Baba Stanija ya fara motsi. Sai hawaye suka biyo kumatunta.

"Shekara goma rabona da in ji shi," ta ce. "Marigayi ƙafata yake taɓawa da tasa in ya zo kan sunan, sai in tashi. Ban taɓa gaya wa kowa ba." Ta laluba ta cafki kwalar rigarsa. "Sake."

Ya sake. Wani ya miƙo ashana, aka kunna mata kyandir a hannu. Gvozden ya maƙale begilarsa a hammata ya cire hula. A bayanmu mutane suka fara matsowa da nasu kyandirori, wannan na cewa, "Budimir, namu fa," wancan na cewa, "Mu ne na farko a dutse."

Baba Stanija ba ta saki kwalar ba.

"Ku jira," ta ce. "Ban gama da shi ba."